Taken Kututture da Ƙungiyar 'Yan Albasa

Ɗalha mutumin Diggi ne, a ƙasar Kalgo, kuma abin da ya gada a wurin mahaifinsa bai wuce gonar shinkafa ɗaya a fadama da wani take na kokawa ba. Gonar ba ta da labari. Taken kuwa shi ya sa aka san gidansu tun daga Kalgo har Dalijan, domin da zarar makaɗi ya rataya ganga ya ce, “Kututture, sai dai a kewaye ka,” kowa ya san wanda zai fito fage. An yi wa uban wannan kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, sannan taken ya sauka a kan ɗan, tare da faɗin ƙirji da tafukan hannu masu girman faifai.

A wurin 'yan kokawar wannan yanki, take na mai amsa shi ne. Kaye ba ya raba mutum da takensa, tun da babu wanda ba a kayarwa. Abu ɗaya ne ke raba su: a kaɗa shi a bainar jama'a, mai shi yana wurin, ya ƙi fitowa. Daga ranar makaɗi yana da ikon ɗora shi a kan duk wanda ya ga dama. Ɗalha ya san wannan tun kafin ya san karatun sallah, kuma da ya zauna inda Allah ya ajiye shi, da bai taɓa samun dalilin tuna shi ba.

Sai ga Alhaji Muhammad Sani, wanda ake kira Ɗan'indo, dillalin albasa a Gwandu. Albasa ta yi daraja shekaru a jere, kuɗi suka taru masa fiye da hankalin da zai riƙe su. A wani masauki a Ikko ya ga yadda talabijin ke nuna masu ƙungiyoyin ƙwallo zaune a inuwa ana tafa musu, ya dawo gida da wannan ciwo. Bai tsaya tara yaran unguwa su taso a hankali ba. Ya sayi gurbin wata ƙungiya da ke shirin mutuwa a ƙaramin rukunin gasar ƙwararru, ya raɗa mata Ɗan'indo Yunaited, ya sa aka zana fuskarsa a gefe biyu na motar 'yan wasa. Ya ɗauko koci mai suna Abdulgani daga nesa, ya kwaso 'yan wasa daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba, ya zuba su a tsohon shagon ajiyar albasa da aka shafa wa fenti. Fenti bai kashe warin ba. Duk garin da suka sauka, kafin a ga rigarsu an ji su, shi ya sa sunan da ya bi su ya zama 'Yan Albasa. Har ƙungiyar ta mutu Alhaji bai gane dalilin da ya sa alƙalin wasa ke soke ƙwallon da ta riga ta shiga raga ba, kuma bai tambaya ba, domin a ganinsa tambaya aikin marar kuɗi ce.

A kokawar kaka ta Kalgo ya ga Ɗalha ya sure wani ƙato ya maka da ƙasa. Ya zunguri koci da sandarsa.

“Wanga in anka tsai da shi bakin raga, ina ƙwallo za ta bi?”

“Ranka ya daɗe, tsaron gida sana'a ce,” in ji Abdulgani. “Tun mutum yana ƙarami yake koyon ta.”

“To koya mishi. Don mi nika biyan ka?”

Aka yi wa Ɗalha tayin babur da albashi da riga mai lamba ɗaya a baya, bisa sharaɗin cewa ya bar kokawa, kada ya karye a fage ya bar raga a buɗe. Bai kwana da shawarar ba. Mutumin da dattawa ke matsa wa wuri a kan tabarma saboda sunan ubansa ya tafi Gwandu yana tsalle kamar kwaɗo, wani baƙo yana hura masa usur.

Gaskiya dai ya iya kamawa. Ƙafarsa ba ta taɓa koyon bugu ba, amma abin da ya shiga hannunsa ba ya fita, kuma 'yan gaba na wasu ƙungiyoyi sukan yi tunani kafin su haɗa jiki da shi. Ya sha aiki fiye da kowa, saboda yadda Alhaji ke tafiyar da ƙungiyarsa. Alhaji ya ɗauki ƙwallo kamar kokawa, inda mutum ɗaya ke yin kaye, shi kaɗai ake yi wa kari. Duk wanda ya jefa ƙwallo a raga, nan take za a kira shi gaban rumfa a liƙa masa kuɗi a goshi, wani lokaci a haɗa da shadda ko tunkiya. Wanda ya miƙa masa ƙwallon ko sannu ba ya samu. Ba a daɗe ba kowa ya gane lissafin. Aka daina miƙa wa juna ƙwallo, 'yan baya suka ƙaura gaba, aka bar Ɗalha shi kaɗai da rabin fili kamar mai gadin gonar da aka girbe. Koci ya yi magana har muryarsa ta dushe, daga baya ya koma zama a benci yana cin gyaɗa. A haka suka tsallake kakar wasa ta farko da ƙyar, kuma ko sau ɗaya ba a kira Ɗalha gaban rumfa ba, tun da Alhaji bai ga abin yabo a ƙwallon da ba ta shiga ba.

A tsakiyar kaka ta biyu Sule makaɗi ya zo har shagon albasa. Shi ya yi wa uban Ɗalha kiɗa, shi kuma ke riƙe da taken. Ya tarar da Ɗalha yana shanya safar hannu a igiya.

“Ɗan Kututture, ashe kamun kaza kak koma?”

“Baba Sule, aiki ne. Da albashi.”

“Na gani, har wuyanka ya yi kauri. To ji abin da ya kawo ni. Zayyanu na Dalijan ya kada kowa bana, kuma taken ubanka shika so. Ya aiko mini rago. Ban karɓa ba, ban maida ba, shina ɗaure ƙofar gidana shina cin dusata.”

“Ka maida mishi, Baba.”

“Ni ba ni ba shi a ɓoye, don na ci gishirin gidanku. Amma ran da nik kaɗa gaban mutane kana nan ba ka hito ba, ka san sauran.”

Mutum mai zuciya da ya ajiye safar a ranar, ya koma fage ya gwada ƙarfi da Zayyanu. Ɗalha yana son taken, yana kuma son babur, don haka ya ɓullo da dabara irin ta matsorata. Tun da sai mutum yana wurin ake cewa ya ƙi fitowa, sai ya daina zuwa duk inda ake kiɗa. Ya ƙaurace wa suna da biki, ya riƙa kewaye kasuwar Kalgo ranar da take ci. Bikin ƙanwarsa ma da ciwon ciki ya fake. Yana jin ganga daga nesa zai juya kan babur, mutane suna kallon sa suna fahimta, shi kuwa yana zaton ya yi wayo.

Wasan ƙarshe na kakar ya faɗo a Gwandu, da wata ƙungiya daga kudu. 'Yan Albasa suna gab da faɗawa rukunin 'yan sa-kai, inda babu albashi babu talabijin. Koci ya tara su ya ce canjaras kaɗai ya ishe su tsira, ya dubi Ɗalha ya ce, “Kai dai kada ka bar layin nan ko gobara ta tashi.” Alhaji kuwa, da ya ji cewa ranar babba ce, ya yi abin da ya sani game da manyan ranaku: ya gayyato makaɗan yankin kakaf, ya jera su a bakin fili. Da Ɗalha ya fito ya hangi Sule a cikinsu, da Zayyanu tsaye a bayansa ya harɗe hannu a ƙirji, ya san ramin da ya daɗe yana kewayewa ya zo ya same shi a wurin aikinsa.

Aka yi ta fafatawa babu ci. Ɗalha ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya tare wata da ƙirji, amma kunnensa yana wurin ganga. Sule ya kaɗa wa Alhaji, ya kaɗa wa albasa, ya kaɗa wa wasu 'yan kasuwa da suka zo a gan su. Da rana ta yi sanyi, lokaci ya kusa cika, Zayyanu ya sunkuya ya yi masa magana a kunne. Sule ya gyara ratayar gangarsa, sauran makaɗa suka yi shiru don girmansa, sannan ya sako taken.

Fili ya ɗauka. Rabin mutanen da ke wurin manoma ne da suka san fagen kokawa tun kafin su san raga, suka juya gaba ɗaya suna duban mai riga lamba ɗaya. Ɗalha ya tsaya a kan layinsa, ya dubi koci, wanda ya miƙe yana yi masa alama da hannu biyu ya zauna. Sule ya maimaita, a hankali, yadda yake yi wa uban. Wani daga cikin taro ya ce, “Ya zama na Zayyanu,” aka yi dariya.

Ɗalha ya cire safar hannu ya yar. Ya tako waje yana ɗaga hannuwa sama, yana jijjiga kafaɗu, yana kirarin gidansu. A daidai lokacin, kamar kullum, babu ɗan baya ko ɗaya a wurinsa, sai ga ɗan gaban baƙi ya taho da ƙwallo shi kaɗai. Wani siririn saurayi ne da bai san Kututture ba, bai san Diggi ba, abin da ya sani kawai shi ne gola ya bar gida. Ya nemi ya kauce. Ɗalha, wanda ganga ta riga ta gaya wa cewa duk mai tunkarar sa abokin karawa ne, ya cafke shi a ƙugu, ya ɗaga shi har takalmansa suka dubi sama, ya shimfiɗe shi a ƙasa da kyau, yadda ake yi.

Jama'a suka ɓalle igiya suka cika fili. Alƙalin wasa yana tsaye da jan kati a sama, babu mai kallon sa. Alhaji Ɗan'indo da kansa ya tattare babbar riga ya ratso taro, fuskarsa cike da farin ciki, domin a cikin kaka biyu wannan ne abu na farko da ya gani a filin ya fahimce shi sarai. Ya liƙa wa Ɗalha kuɗi, ya cire hularsa ya ɗora masa. Baƙi suka ja ɗan wasansu suka shige mota, ba su tsaya bugun fanareti ba.

Hukumar gasa ba ta sha wahalar hukunci ba, tun da wayoyi da yawa sun ɗauki abin daga farko har ƙarshe. Ta ba baƙi wasan, ta rufe filin, ta dakatar da Ɗalha, ƙungiya ta faɗi. Da aka yi wa Alhaji bayanin cewa a rukunin ƙasa ba a nuna mai ƙungiya, sai sha'awarsa ta mutu a zaune. Ya sallami kowa. Koci ya tafi ba sallama, 'yan wasa suka watse, aka cire kujerun motar aka koma loda mata buhuna. Yanzu Alhaji jiminu yake kiwo a bayan gidansa, kuma an ce ko su ba su san shi ba.

Dattawan kokawa sun zauna a kan maganar a Kalgo. Wasu suka ce kayar da wanda bai san ana kokawa ba abin kunya ne, ba kaye ba. Sule ya ce shi ba a tambaye shi kaye ba. Ya kaɗa, mai take ya fito, magana ta ƙare. Ya kwance ragon ya aika wa Zayyanu. Da kaka ta zagayo aka haɗa su a fage, Zayyanu ya kayar da Ɗalha kafin masu goro su gama zama, amma bai sake neman taken ba. Hoton kayen filin ƙwallo ya riga ya zaga wayoyi har inda ba a jin Hausa, an haɗa shi da kiɗan, kuma duk inda aka kaɗa taken yanzu, kafin makaɗi ya kai ƙarshe wani zai hura usur daga baya, taro ya amsa da “Fanareti.” Zayyanu ya ce shi ba zai sa rigar da aka yi amai a kanta ba, ya sa aka yi masa sabo.

Ɗalha yana Diggi yana noman shinkafarsa. Babur ɗin ya tsufa, yana ɗaukar taki da shi. Ba ya ƙetare biki ko suna, kuma matasa sukan haɗa kuɗi su ba makaɗi don kawai su gan shi ya miƙe. Yakan miƙe kuwa, da tumbinsa da furfurarsa, ya taka zuwa tsakiyar fili yana jijjiga kafaɗu, ya tsaya yana jiran abokin karawa har kiɗa ya ƙare, sannan ya koma ya zauna. In an tambaye shi labarin ƙungiyar, yakan ce a wasan ƙarshe ba a ci shi ko ɗaya ba.