Guɗar Gwaggo a Bikin Ƙanwata

In dai ina numfashi, ba na jin zan manta ranar liyafar auren ƙanwata a Lafia, ranar da dabarata ta kusa korar mana babbar baƙuwa daga wurin biki. Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, in kuma share ƙwalla.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu a unguwar Akurba bayan rasuwar mahaifiyarmu. Allah ya ba ta guɗa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har bakin titi sai an san an kawo amarya. Maƙwabtanmu Eggon da Tibi ma in sun taso daga coci da amaryarsu, sai sun aiko a ɗauko ta. Sai ciwon maƙogwaro ya same ta, aka yi mata aiki, muryar ta tafi. Magana ma sai ka kai kunne kusa da bakinta.

Da biki ya matso ta ce ba za ta je liyafa ba. "Ni in zauna ina kallo wata ta yi wa 'yata guɗa? Ku je kawai, Allah ya sa albarka." Ƙanwata ta fashe da kuka, ta rantse in Gwaggo ba ta je ba ita ma ba inda za ta. Na durƙusa na yi wa Gwaggo alkawari babu macen da za ta buɗe baki a wurin. Na bi ƙawaye da dangin ango ɗaya bayan ɗaya ina ja musu kunne, har suka fara ce mini 'yar sandan biki.

To amma amarya ta shigo shiru kamar an zo ta'aziyya? Abin ya tsaya mini a rai. Ina cikin kwashe kaya wata rana na ci karo da tsohon faifan bidiyon bikina, na saka, sai ga Gwaggo da ƙarfinta tana rangaɗa mini guɗa. Wallahi tsalle na yi a tsakar ɗaki. Na garzaya wurin mai kiɗan da muka ɗauka, na ce ya ciro mini wannan muryar, ita za a saka lokacin shigowar amarya maimakon waƙa. Ya saurara ya ce, "Anti, no wahala, wannan ai ya fi kiɗana." Ko amaryar ban gaya wa ba. Sati guda ina yawo da abin a cikina, baki ya ƙi rufuwa don murna.

Ranar liyafa da la'asar rumfuna suka cika, ana ta zirga-zirga da kulolin sakwara. Na zaunar da Gwaggo a kujerar gaba, ta sha leshi. Amarya na sako ƙafa na ɗaga wa mai kiɗa hannu. Guɗa ta tashi daga sifiku ta cika filin nan, tsigar jikina ta tashi. Ƙanwata ta tsaya cak, ta gane muryar nan take. Na juya don in ga farin ciki a fuskar Gwaggo, sai na ga kujera babu kowa.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Eggon ta taɓo ni, ta ce da irin Hausarta, "Gwaggo ya tafi fa, ya ɗauki jakansa."

Na tattare zani na kwasa da gudu, takalmi a hannu. A bakin ƙofa na cim mata tana tsayar da Keke. Ta jawo ni kusa, idonta ja, ta raɗa mini, "Kin yi mini alkawari, kika ci amanata." Kafin in yi magana ta ƙara, "Kuma wadda kuka ɗauko ɗin ma ba ta iya ba. Ta ja da yawa a farko, ƙarshen ya tsinke mata."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Ashe Gwaggo ba ta taɓa jin kanta daga waje ba. Na ciro waya na nuna mata bidiyon bikina da na kwafa a ciki. Ta ƙura ido tana kallon matar nan mai koren mayafi, hannu a hanci. Mai Keke ya gaji da jira ya wuce. Can ta ce, "Ranar mura nake yi." Sai hawaye suka zubo mata.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, so na yi ki ji daɗi."

Ta ce, "Ai da kin gaya mini, da na tashi tsaye. Guɗa ba a yin ta a zaune." Ta gyara mayafi ta wuce gabana.

Har gaban amarya ta je, ta kama hanci, ta ɗaga kai sama, ta yi wa mai kiɗa alama da ido. Ya sake saka ta. Muryar na tashi ƙirjin Gwaggo na motsi tare da ita, duk wanda ya gani zai rantse daga bakinta take fita. Da ta ƙare ta juya ga matan da na hana, ta yafito su da hannu biyu. Kai, ranar Lafia ta ji guɗa. Ƙanwata ta rungume ta, kwalliyar da aka yini ana yi ta wanke tas, ba wanda ya damu.

Gwaggo ta rasu tuni, Allah ya jiƙanta, amma a danginmu har yau da muryarta ake shigo da amarya. Abin da na koya a ranar shi ne, in za ka karrama mutum a biki, kada ka yi a bayan idonsa ka bar shi ɗan kallo. Ka gaya masa, ka ba shi wurin tsayawa. Gwaggo ba jin muryarta ta yi kewa ba, tsayuwa gaban 'yarta take so.