Ranar da Baffa Ya Sunkuyar da Kai

Ranar Laraba ce a tsakiyar daminar 1968, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a makarantar ƙauyenmu da ke kusa da Gafasa. Waɗanda ke wurin su ne mu 'yan makaranta, da sabon malaminmu, da magidantan gari da suka zo gayyar noma, da Kaka, mahaifin babana, wanda ya zo kallon aikin. A cikin 'yan makarantar akwai ni, ina da shekara tara. Akwai kuma Baffa, ƙanin mahaifina, autan Kaka, wanda ya kai sha bakwai. Ni da shi duk muna aji uku.

Makarantar ɗaki ɗaya ce, ginin ƙasa da rufin kwano. Daga aji ɗaya har aji huɗu a ciki muke, malami ɗaya. Ƙanana suna gaba a kan tabarma, suna rubutu da yatsa a cikin yashi. Mu na tsakiya muna kan benci. Manya suna baya, jikin bango, inda gwiwoyinsu ba za su tokare kowa ba. Idan Malam yana tare da aji ɗaya, sai ya bar wa sauran aiki a allo, ya sa wani babba ya kula da su. Da yamma kuma magidanta 'yan yaƙi da jahilci su ke shiga ɗakin, su zauna a bencinmu, washegari mu tarar da ɓawon goro a ƙarƙashi.

Baffa bai shiga makaranta da wuri ba. Shi ke kiwon tumakin gida, shi ke kai wa manya abinci gona. Da aka sa ni, sai ya riƙa zama kusa da ni yana kallon abin da nake rubutawa a ƙasa, har ya iya. Daga nan ya tsaya kai da fata sai an sa shi. Kaka bai so ba. Mahaifina ne ya yi ta roƙo a madadinsa har ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a gabanmu ya faɗa. Ya ce namiji ba ya zama cikin yara ya fito da girmansa cikakke, duk ranar da boko ya zubar wa ɗansa da mutunci, ranar zai ɗauki fartanyarsa ya koma gona, babu wani zance. Kowa a gidanmu ya san Kaka ba ya maimaita magana.

To akwai wata al'ada a makarantun lokacin. Malam zai jefa tambaya, ya bi layi. Wanda ya kasa sai ya miƙe tsaye. Haka za a yi ta tafiya har a kai kan wanda ya amsa daidai, shi kuma sai ya bi na tsaye ɗaya bayan ɗaya ya ranƙwashe su a ka. Ba wanda yake ganin abin a bakin komai. Sai dai tsohon malaminmu ɗan yankin ne, ya san kowane gida da wanda ya haifi wane. Yana da yadda yake juya layinsa. Ƙani bai taɓa ranƙwashin wansa a hannunsa ba, ballantana ɗa da baffansa. Idan Baffa ya kasa, sai ya tsallake ni ya tambayi wani babba na aji huɗu. Ban gane da gangan yake yi ba sai bayan an yi masa canji.

Sabon malamin daga birni aka turo shi, saurayi, bai daɗe da gama koyon malanta ba. Mai ƙwazo ne, ba mugu ba. Amma mako kaɗan ya yi a garin, kuma a aji ba na kiran Baffa da komai, shi ma ba ya kula ni. Babu ta inda zai san abin da ke tsakaninmu.

Ranar nan gayyar maimai ake yi a gonar gyaɗar makaranta, wadda ke bayan ɗakin. Kowace shekara gari ke nome ta. Tun da safe muke jin waƙarsu da ƙarar fartanya ta taga. Kaka yana zaune a gindin ɗorawa, yana nuna musu kunyoyin da suka tsallake. Sai hadari ya taso daga gabas, ya haɗu da sauri. Kafin mata su sauke ƙwaryar fura ruwa ya tsinke. Babu wata mafaka kusa sai ɗakinmu. Suka shigo a guje, suka jera jikin bango da taɓo a ƙafa, suka jingine fartanyu a bakin ƙofa. Aka ba Kaka kujerar Malam. Mahaifina ya tsaya a bayansa.

Ɗakin ya yi duhu, allo ba ya ganuwa, kwano kuma yana ruri. Malam ya ga ba a iya rubutu, ga kuma iyaye sun taru ba tare da an gayyace su ba. Ina jin ya so su ga abin da 'ya'yansu suka iya, don wasu sun fara janye yara zuwa gona. Ya ɗaga murya ya ce aji uku za su yi lissafin ka.

Wani abokin wasan Baffa, ɗan gwaggonsa, ya leƙo daga cikin manoman ya ce, "Malam, a fara da mai gemun can na baya, mu ga ko gemun na ilimi ne." Aka yi dariya. Baffa ya yi murmushi bai ɗago ba. Kaka bai yi dariya ba.

Tambayoyin farko suka wuce lafiya. Sannan Malam ya ce bakwai sau takwas, ya fara daga bencin baya. Na farko ya kasa, ya miƙe. Na biyu ya kasa. Aka zo kan Baffa. Na san ya sani, don a hanyar gona shi ke yi mini wannan tambayar. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan Kaka, sai ya ce hamsin da huɗu. Yana faɗa ya gane, na ga ya motsa leɓe zai gyara, amma Malam ya riga ya ce ya miƙe. Da ya miƙe ya fi Malam tsawo.

Layi ya gangaro bencinmu. Biyu suka ƙara miƙewa. Sai ni.

A ɗan lokacin nan na auna abin. Idan na amsa, ni zan ranƙwashi ƙanin ubana a gaban ubansa da ubana. Idan na ƙi amsawa, ta gefena 'yar mai unguwa ce, yarinya ƙarama da ba ta taɓa faɗuwa a lissafi ba, kuma har ta fara ɗaga hannu. Ita ba ruwanta da kowa, ranƙwashinta ma ya fi na maza zafi. Yarinya ta taɓa kan saurayi a gaban gari, wannan ko tambaya babu, Baffa ya gama makaranta. Na duba ta kowane gefe ban ga mafita ba, sai na tsaya ina kallon tabarmar gabana.

Malam ya matso. Ya ce ya san na sani, jiya ma na faɗa, kada in ba shi kunya a gaban baƙi. Yarinyar tana ta kaɗa yatsu tana cewa, "Ni Malam, ni Malam." Ya juya zai nuna ta.

Na ce, "Hamsin da shida."

Manoma suka yi ta sa albarka. Malam ya ji daɗi, ya ce in fito in ba su haƙƙinsu. Na fara da na bencina, na taɓa su sama-sama. Na wuce baya. Na yi na farko, na yi na biyu. Duk wannan lokacin ina jan ƙafa, ina fatan ruwa ya ɗauke a fita, ko wani babba ya yi magana. Manyan kuwa sai a lokacin suka fara fahimtar inda layin zai ƙare. Dariyar ta mutu. Abokin wasan nan ma ya ja bakinsa. Babu wanda zai yi magana Kaka yana zaune bai yi ba.

Na tsaya gaban Baffa. Kaina bai wuce ƙirjinsa ba. Malam ya ce masa ya sunkuyo, yaro ba zai kai ba.

Na zaci zai fita. Ƙofa tana kusa da shi, ruwa ba zai hana shi ba. Amma sai ya cire hularsa, ya dafa gwiwoyinsa, ya kawo kansa daidai fuskata. Ina ganin tabon da ƙaho ya yi masa a ƙeya tun yana kiwo. Ya yi magana a hankali, ni kaɗai na ji.

"Yi maza, ka gama. Ina son karatun nan."

Hannuna bai ɗagu ba. Abin da jikina ya saba yi a gaban Baffa shi ya yi. Na durƙusa kamar yadda nake gaishe shi kowace safiya, na sunkuyar da kai ƙasa da nasa. Muka tsaya a haka, shi a sunkuye, ni a durƙushe.

Malam ya ɗauka taurin kai ne. Ya ɗauko tsumagiya daga kan tebur, ya ce zai ƙirga uku. Ya ce ɗaya. Ya ce biyu.

Kaka ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Bai ɗaga murya ba, amma duk da rurin kwanon kowa ya ji.

"Malam, wanda ke sunkuye ɗana ne. Wanda ke durƙushe ɗan wansa ne."

Malam ya dubi Baffa, ya dube ni, ya dubi tsumagiyar da ke hannunsa. Ya ajiye ta. Ya zo gaban Kaka ya russuna ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. A yi mini afuwa." Kaka ya ce baƙo ba ya sanin abin da ba a faɗa masa ba, laifin na gari ne. Daga nan ya miƙe, ya ja rawaninsa ya rufe kai, ya fita cikin ruwan. Mahaifina ya bi shi. Baffa ya mayar da hularsa ya zauna. Har aka tashi bai dubi kowa ba.

Muka kama hanyar gida. Yana gaba ina baya. Da muka zo kwalbatin da ruwa ya cika, ya ɗauke ni ya tsallakar kamar kullum, ya sauke ni ya ci gaba.

Bayan la'asar aka kira mu zaure. Kaka mutum ne mai wasa da jikoki. Kullum ya gan ni sai ya ce ga mai ƙaton kai ɗan boko, ya zo ƙwace masa mata. Ranar bai ce ba. Ya tambaye ni ko hannuna ya taɓa kan Baffa. Na ce bai taɓa ba. Ya juya ga Baffa ya tambaye shi wa ya sunkuyar da shi, Malam ne ko shi ne.

Baffa ya ce, "Ni ne, Baba."

"A gaban gari?"

"A gaban gari."

Kaka ya daɗe yana jan carbi. Ni na riga na sallama, ina jiran ya ce a miƙo fartanya. Da ya yi magana sai ya ce shi abin da ya gindaya bai faru ba, tunda hannu bai sauka ba, kuma ba zai yi wa ɗansa hukunci a kan abin da bai faru ba. Amma ya ga yadda zai faru. Yau Allah ya sa yana wurin, gobe ba ya nan, jibi kuma wani malamin za a kawo. Saboda haka ɗa da baffansa ba za su ƙara zama ɗakin karatu ɗaya ba. Ɗaki kuwa ɗaya ne a garin. Ya ce mu san yadda za mu yi.

Baffa ya ce shi zai bari, yaro ya fi shi sauran lokaci. Yana faɗa yana ta murza bakin hularsa.

Mahaifina yana gefen ƙofa tun ɗazu. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, ko magana a kaina ba ya yi a gaban Kaka. Ranar ya yi. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Baba, in an yarda, yaron nan yana da kawu a Gaya. Akwai makaranta a can. Shi ko'ina aka kai shi za a karɓe shi. Wannan kuwa in ya fita yau, ba mai sake ɗaukarsa."

Baffa ya ce, "Yaya, uwarsa fa?"

Mahaifina ya ce shi zai yi mata magana.

Kaka ya juyo ya dube ni. Ya tambaye ni ko zan iya kwana a gidan da ba namu ba. Ban taɓa yi ba, ban ma taɓa zuwa Gaya ba sai sau ɗaya ranar kasuwa. Na ce zan iya. Ya ce to, mai ƙaton kai zai bar masa matarsa ya huta. Ba wanda ya yi dariya, amma daga nan muka san magana ta ƙare.

Mahaifiyata ta shiga haɗa mini kaya. Ta wanke mini riguna biyu, ta soya gyaɗa, ta ɗaure a tsumma. Kwanakin da suka rage ban koma makarantar ba. Ina zaune a ƙofar gida da safe nake ganin Baffa ya wuce da allonsa a hammata. Na ji an ce Malam ya bi gari gida-gida tare da mai unguwa yana tambayar wane ɗan wane ne.

Ranar Asabar ta sama mahaifina ya ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni Gaya gidan kawuna. Baffa ya gama aji huɗu a wannan ɗakin. Da ya ci jarrabawar shiga aji biyar ya same ni a Gaya, inda ajin ya kasu ɗaki biyu, aka sa shi a ɗaya, ni a ɗayan.