Ƙaramin Dutsen da ke Ƙarƙashin Dagi

Duk wanda ya taɓa haƙa harsashin gini a Birni ya san ƙasar Damagaram ba ta da kunya. Ka sara sau biyu sai diga ta ci karo da dutse, wani kamar tunkiya a kwance, wani ya kusa rumbu. A nan magina ke zubar da kayan aiki su ce a kira Ɗanƙarami.

Sunan ya bi jikin. Gajere ne siriri, in ka hango shi tafe da daginsa a kafaɗa, sandar ƙarfe da ta fi shi tsawo, sai ka rantse aikensa aka yi ya kai wa mai ita. Amma shekara talatin da ɗoriya yana kawar da duwatsun da ƙarti biyar suka yi wa gumi a banza. Zai zagaya dutse yana leƙe kamar mai cinikin bijimi, ya nemo wani ƙaramin dutse mai tauri ya ajiye dab da gindin babban, ya zura bakin dagi a ƙarƙashi, ya ɗora cikin ƙarfen a kan ƙaramin. Sannan ya koma can ƙarshen sandar ya danna da hannu ɗaya. Sai ka ga ƙaton ya ɗaga, ya mirgina.

"Ba ƙarfi ba ne," in ji shi, yana kaɗe hannu. "Madogara ce. Matso da ita kusa da nauyin, kai kuma ka ja baya. Iya kusancinta, iya sauƙinka."

Da a kan duwatsu ya tsaya da wannan karatu, da ba a ba da labarinsa ba. Ya ɗauka mutane ma haka suke, kuma abin haushi, sau da yawa gaskiyarsa ce. Lokacin da Alkasum baduku ya toshe magudanar ruwan unguwa ya rantse ba zai buɗe ba, kowa ya yi ta daka masa tsawa. Ɗanƙarami bai ko gaishe shi ba, ya wuce wurin tsohon malamin da ya koya wa Alkasum karatu. Kafin azahar ruwa na gudu. Daga nan aka riƙa kawo masa masu taurin kai, shi kuma tambayarsa ɗaya ce: wa yake jin kunya? Yana alfahari da wannan, har yakan ce babu mutumin da ba shi da madogara. Abin da bai taɓa yi ba, ko a wurin aiki ko a cikin mutane, shi ne ya waiwaya ya duba yadda ƙaramin dutsen ya ƙare.

Ɗansa na fari, Lawali, ya tafi haƙar zinariya a Jado, can cikin hamada. Shekara uku bai zo gida ba. Da labari ya zo cewa rami ya rufta da wasu samarin garin Guna a can, tsoro ya shiga Ɗanƙarami, tsoro na gaske. Ya kira Lawali ya ce ya dawo. Lawali ya ce a ƙara masa wata uku. Ya sa kawunnansa suka kira, amsa ɗaya. Ya sa liman, Lawali ya ce to, bai motsa ba. Sai Ɗanƙarami ya zagaya al'amarin kamar yadda ya saba, ya ga wadda ta fi kowa kusa da nauyin.

Barira matarsa mace ce mai kawaici. Da yake Lawali ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Ba ta taɓa zama ta yi doguwar hira da shi ba. In ya kira waya, iyakarta ta ce a gaya masa Allah ya tsare. Amma kowa a gidan ya san wa ake ajiye wa ƙanzon tukunya.

Ranar wata Talata bayan la'asar, 'yarsu Rahina ta zo daga gidan mijinta da wayarta. Ɗanƙarami ya zauna a bakin tabarma ya faɗa wa Barira abin da za ta ce.

"Malam, wannan magana ta yi nauyi," in ji ta. "Bakin uwa ba abin wasa ba ne."

"Ai nauyin nake so. Ba har zuci za ki faɗa ba. Ya iso ki janye, shi ke nan. Ko kin fi son a kawo miki labarin rami?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Rahina ta ce, "Baba, a bari mana," ya harare ta. Daga ƙarshe Rahina ta danna wurin ɗaukar murya, Barira ta sunkuya ta ce, "Kai yaron nan, in Sallah ta same ka a can, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Ta tashi ta shige ɗaki. Ɗanƙarami bai ji nauyin komai ba, don shi yana can ƙarshen sanda.

Kafin magariba amsa ta zo, murya a sanyaye: "To, Iya. Na ji. Ga ni nan tafe, ki yi haƙuri." Ɗanƙarami ya yi murmushi ya ce dutse ya motsa.

Washegari da hantsi Barira ta yafa mayafi ta tafi gidan Rahina ba tare da ta gaya masa ba, ta sa aka ɗauki wani saƙon. Rahina ta nuna mata 'yar alama guda a gefensa, ta ce saƙon ya fita amma bai isa ba, in ya isa za ta zama biyu. Wataƙila ya riga ya kama hanya, babu rezo, wato sabis ɗin waya.

Ya kama hanyar kuwa. Kwana goma sha tara bayan haka wani abokin aikinsa ya yi sallama a ƙofar gida, ya ƙi shan ruwa sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Sun roƙi Lawali ya jira ayarin motoci, kwana shida kacal, ya ce ba zai iya kwana shida da maganar Iya a kansa ba. Ya shiga wata mota da za ta ratsa ita kaɗai. Ta lalace tsakanin Dirku da Agadas. Waɗanda suka same su sun yi musu sutura a wurin.

Barira ba ta taɓa ce wa mijinta kai ka jawo ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da kawo masa tuwo da ruwan alwala, sai dai ta rame, maganarta ta koma eh da a'a. Da ya roƙe ta gafara ta ce, "Na yafe maka, Malam. Kai bakina ka ara. Shi muryata ya ji."

Bayan sadakar arba'in ya koma aiki. Ya mirgina wani dutse a bayan kasuwa, magina suna yaba masa, sai ya tsuguna ya duba madogarar. Ta tsage gida uku, samanta ya zama gari. Ya daɗe a tsugune har suka ɗauka bayansa ne ya riƙe. Tun daga ranar, in aka zo masa da maganar wani mai taurin kai, cewa yake a je a faɗa wa mutumin da baki, in ya ƙi a ƙyale shi.

Wata Juma'a ya je gidan Rahina ya tarar da Barira zaune a tsakar gida, wayar na hannun 'yarta. Ashe duk mako takan zo. Ya ce a kunna masa saƙon, Barira ba ta hana ba. Muryarta ta fito: "Lawali. Lawali, ni ce Iyarka. Ƙarya na yi jiya. Na yafe maka duniya da lahira. Kada ka yi gaggawa, ka jira abokan tafiya."

Shekara ashirin da bakwai suna da wannan ɗa, ranar ya fara jin sunan a bakinta. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban 'yarsa.

Barira ta san inda ɗanta yake kwance, ba ta ruɗe ba. Duk da haka ta miƙa wuya ta leƙa wayar.

"Har yanzu?"

"Ɗaya ce, Iya," in ji Rahina.