Katifar Inna da Karan Dawa

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiya ta goce kwatangwalo, ba ciwon ne ya fi tayar mana da hankali ba. An kai ta asibiti, an yi magani, har ta fara takawa da sanda. Abin da ya gagara shi ne tashi daga gado. Katifarta ta auduga ce, ta girme ni, ta yi kwarmi a tsakiya. In Inna ta kwanta sai ta nutse, ba ta iya fitowa sai matar yayana ta zo ta ɗago ta. Inna kuwa mace ce da ko tulu ba ta yarda a ɗora mata a ka. Sai ta samo wata muguwar dabara: ta rage shan ruwa, don kada fitsari ya matsa mata ta kira wani. Kuma bazara ce.

Ni ina koyarwa a Ungogo, sai ƙarshen mako nake leƙowa gida. Da na ga leɓenta ya tsattsage, na cika moɗa na miƙa mata, ta kau da kai.

"Ba na jin ƙishi," ta ce.

Na yi faɗa, domin ni bakina ba ya shiru. Ko a jikinta. Na fito tsakar gida ina huci, na ce gobe zan shiga Kano in sayo mata katifar zamani, wadda ake cewa memori, kuma wadda ta fi kowacce tudu zan ɗauko.

Baba yana gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya ce, "Bari ranar kasuwa, mu je Ɗambatta tare."

Na yi mamaki. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunan Inna ba, sai dai "uwarku", kuma ban taɓa ganinsa zaune a ɗakinta da rana ba. A ganina sayen katifa ba huruminsa ba ne. Ranar kasuwa sai ga shi da wankakkiyar riga, riƙe da guntun karan dawa, an yi masa tsaga a wajen tsakiya. A mota na tambaye shi na mene ne, ya ce kara ne.

A Ɗambatta muka shiga wani shagon katifu. Mai shagon matashi ne mai fara'a, kuma ya san sana'arsa. Ya sauko da katifu ya shimfiɗa a ƙasa, yana ta zuba. Ya ce in danna tafin hannuna in ɗauke. Na danna, sai ga shatin yatsuna biyar kwance a jikin soson, yana cikowa a hankali.

"Kin gani, Hajiya? Ta gaskiya ba ta gaggawar tasowa. In ta zabura nan take, soso ne kawai aka yi wa riga mai kyau. Ɗaga gefenta ki ji nauyi. Marar nauyi iska ce, kafin shekara ta zama tabarma."

Ya zuge zif ya nuna mana ciki: mai laushin a sama, mai tauri a ƙasa yana riƙe da shi. Ya ce wasu ɗan falle suke mannawa a kan ɓarɓashin soso, shi ya sa duk wanda ya hana ka buɗe zif, kada ka saya a wurinsa. Baba ya sunkuya ya shinshina, ya tambaya ko tana da zafi. Mai shago bai ɓoye ba, ya ce irin wannan soso yana riƙe ɗumi, sai dai a zaɓi mai ƙananan huji-huji da rigar yadin auduga, kuma kada a bar ledar a jiki.

Ni dai idona yana kan wata mai tudu kamar dakalin ƙofar gida. Baba ko kallonta bai yi ba. Ya nuna wata matsakaiciya ya ce, "Zauna a bakinta."

"Ni, Baba? A nan?"

"Ke kika ɗauko jikin uwarku. Zauna."

Shagon a bakin hanya yake, masu awaki da masu buhuna suna ta wucewa. Na ji kamar in nutse, amma na zauna. Baba ya durƙusa ya jira katifar ta gama lotsawa, sannan ya kafa karan a gefena, ya zura gindinsa ta gefen dakalin shagon har tsagar ta yi daidai da ƙasan da katifar take, ya duba inda saman katifar ya tsaya. Ya girgiza kai. Muka koma ta gaba. Haka ya yi ta zaunar da ni yana tayar da ni, har raina ya ɓaci na ce ko dai ya faɗa mini abin da muke aunawa, ko in fita.

Can ya ce, "Akwai tsohon turmin nan da ke kife a bakin madafa. In uwarku ta zauna a kansa, ita kaɗai take tashi, ba ta kiran kowa. Tsayinsa ke nan." Ya nuna karan gaba ɗaya. "Daga ƙasa zuwa tsagar nan, ƙafar gadonta ce. Abin da ya rage na katifa ne."

Ni da nake shiga ɗakinta ina fita, ina ba da umarni, ban taɓa lura da turmin ba. Mutumin da na ɗauka ba ya kallon inda take, ashe daga gindin rumbu yana ganin komai. Ƙaunarsa ta kama ni a wurin har na ji ƙwalla.

Sai dai an samu matsala. Wadda ta yi daidai da karan siririya ce, in na zauna ina jin taurin siminti a ƙarƙashina. Wadda ta amsa duk gwajin mai shago, mai nauyi, mai riƙe ƙugu ba ta bari ya nutse, ta zarce karan da kamar yatsu huɗu. Mai shago ya ce a yanke ƙafafun gadon mana. Baba ya dube shi ya ce, "Gadon aurenta ne. Ba nawa ba ne balle in yanke." Ya sake aunawa, ya yi wa karan sabuwar tsaga da farce, ya ce a naɗe mai nauyin.

Da hantsi washegari Baba ya sa aka fito da Inna inuwar darbejiya, aka ja gadon gefe. Ɗakin Inna daɓe ne irin na da, ita ta daɓe shi da hannunta, tana shafe shi har yana sheƙi. Baba ya shiga da tsohuwar wuƙa da ƙaramar fartanya, ya durƙusa ya haƙa ramuka huɗu, zurfin kowanne yatsu huɗu. Ya sa fasasshen kasko a gindin kowane rami don kada ƙarfe ya ci gaba da nitsewa. Muka mayar da gadon, ƙafafun suka faɗa, muka ɗora katifa. Na zauna, ya kafa karan. Daidai.

Aka shigo da Inna ta kwanta. Ba ta ce tana da daɗi ba, ba ta ce babu ba. Barci dai ya ɗauke ta, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Ni na zauna a bakin ƙofa ina tsintar wake, Baba kuma ya koma gindin rumbu yana gyara ƙotar da tuni ta gyaru.

Da aka kira la'asar na ji motsi. Matar yayana ta yunƙura za ta shiga, na riƙe mata zane. Inna ta mirgina, ta zuro ƙafafu, tafinta ya taka ƙasa sosai. Ta dafa sanda ta miƙe, ita kaɗai. Ta tsaya tana kallon gindin gadon, ta daɗe. Sannan ta fito bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda na gindin rumbu zai ji.

"Wa ya ɓata mini daɓe?"

Baba bai ɗago ba. "Gara ce," ya ce.

"To, Allah ya yi wa garar albarka."

Ta juyo gare ni, ta sha kunu kamar ni ce mai laifin. "Ke kuma kin zauna kina kallona. Ba ni ruwa."

Na cika moɗa daga randa na miƙa mata. Ta shanye tas, ta miƙo mini ta ce in ƙaro.