Sanƙiran Alhaji

A shekarun da na yi ina aiki a shagon atamfar wani Alhaji ɗan Damagaram a garin Aubervilliers, can ƙasar waje, ba ciniki ke hana shi barci ba, kawuna ne. Kawu yana Lyon, shi ya ɗauko ni daga Maradi ya sa ni makaranta. Su biyun kowa yana shirya wasan Sallah, kowa kuma so yake a ce nasa ya fi. In Kawu ya kama babban zaure, Alhaji sai ya nemo mai jan labule da fitilu masu juyawa. Kawu ya kawo mai kalangu ɗaya, Alhaji ya nemo wa mawaƙi biza har da 'yan amshinsa kaf. Wata shekara raƙumin kwali Kawu ya sa aka turo kan dandamali, wuyansa ya karye tun ba a fara kiɗa ba. Dattawa da furfurarsu, wai su masu nishaɗantar da jama'a.

Ni kuwa muryata ce ta ja mini. Alhaji ya mai da ni sanƙiransa: mawaƙi ya faɗi magana, ni in ɗaga ta da ƙarfi kowa ya ji. Sanƙira ba ya zaɓe, abin da aka faɗa shi yake maimaitawa. Takardar zamana a ƙasar kuma a kan aikin shagon nan take rataye, Alhaji yakan tuna mini da haka cikin raha.

Wata Babbar Sallah, da la'asar, sai ga Kawu ya shigo zauren wasan Alhaji ba gayyata, da shaddarsa da mutanensa, ya zauna a sahun gaba. Na ga Alhaji ya raɗa wa mawaƙi wani abu. Kiɗa ya sauya, yabo ya koma zambo: mutumin Lyon, mai wasan da kujeru suka fi mutane yawa, mai raƙumin da bai kai Sallah ba. Mawaƙi ya dakata yana jirana. Alhaji ya kafe ni da ido. Kawu kuwa ko kallona bai yi ba.

Na faɗa, da muryar nan tawa duka. Zaure ya ɗauki dariya, na ji kamar in nutse don kunya.

Kawu ya miƙe a hankali, ya hau dandamali, ya zaro kuɗi ya liƙa mini a goshi, yadda ake yi wa kowane maroƙi. Tun ina ƙarami "ɗana" yake ce mini.

Ya ce, "Madalla, sanƙira."

Washegari na buɗe shago kamar kullum. Har yau in na kira Kawu yana amsa gaisuwa daki-daki, gida, aiki, sanyi, ba ya rage ko ɗaya. In mun gama sai ya ce in gaida maigidana.