Turaren da Ya Kori Shaida

Ni ne na kusa ɓata wa wata 'yar jarida aikinta da turaren wuta. Baƙar fata ce irinmu, haifaffiyar Jidda, kuma ita kaɗai ta yarda ta zo unguwarmu a bayan Madinar Masana'antu, wato yankin masana'antun Jidda, don ta shaƙi warin hayaƙin da ke toshe wa ƙanwata numfashi. Umma ta ce kowa ya taimaka wa 'yar jaridar. Ni kuwa a sanina ba a tarbar baƙo sai da turare, don haka na turnuƙe gidan har kyanwarmu ta yi hijira.

Tana shigowa ta ja hanci ta ce, "Hajiya, ina warin? Nan ai kamar ɗakin amarya!"

Umma ta finciko kunnena. "Ja'iri, warin ne shaidarmu, ka kore shi! Yalla, maza kai ta saman soro."

Muna hawa iska ta kaɗo warin hayaƙin. 'Yar jaridar ta yi tari har tabaraunta ya faɗi, ta ce, "Halas, ya isa, na ji."

Rahotonta ya fito, masu duba muhalli suka zo, hayaƙin ya ɗan ragu. Ni dai har yau an hana ni taɓa kaskon turare.