Akushin Maƙwabcina

Na zauna a Alƙahira, na zauna a Paris, na ga hali iri-iri, amma abin da ya faru tsakanina da maƙwabcina a garin Bowie na Amurka ba zai fita daga raina ba.

Maƙwabcin nan dattijo ne, baƙin Ba'amurke, matarsa ta rasu. Kullum yana garejinsa yana sassaƙa. Shi kaɗai nake hira da shi a layin. Wata Asabar muka dawo daga unguwa muka tarar ya ajiye mana akushi a bakin ƙofa, sumul, kana ganin zanen jikin icen. Ciki babu komai.

Matata Hajiya ta juya shi ta ce, “Alhaji, gwauro ya aiko da akushi wayam, me kuma kake jira ya faɗa? Yunwa ce.”

Ni da nake jin harshe huɗu na ce gaskiyarta. Ta cika shi da tuwon shinkafa, ta kwarara miyar taushe mai manja, na ɗauka da kaina na kai masa.

Ya daɗe yana kallon miyar. Sannan ya ce, “Wata huɗu na yi ina gogarsa. Daga bishiyar da matata ta dasa na fitar da shi.” Ya karɓa, ya rufe ƙofa.

Ashe a nan akwai kwanon da ba a ci a ciki. Kan kanta ake ɗora shi, mai aikin ya sa hannu a gindinsa, baƙi su zo su yaba. Mu kuwa mun mayar wa mutum kyautarsa, mun kuma jiƙa ta da manja.

Kwana biyar ko hannu bai ɗaga mini ba. A na shida na shiga garejin na yi masa bayanin yadda muke yi a gida. Ya ɗauko akushin. Cikinsa ya yi ja, jan da ba zai fita ba.

“Ka ɓata shi,” in ji shi. “Ba ya hawa kanta kuma.”

Na ba shi haƙuri. Ya miƙo mini.

“Tunda ya ɓaci, ka ce wa matarka ta rage yaji.”

Shekara bakwai akushin nan yana kai-komo tsakanin gidajenmu duk Juma'a. Ni dai na koyi darasi: ko cokali aka ba ni kyauta a ƙasar mutane, sai na tambaya, na ci ne ko na kallo.